Baba Tsoho da Motar da Ba Ta Sallama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana na wajen uba, wanda duk unguwarmu ta Sa'alaba ke ce wa Baba Tsoho, ya riga mu gidan gaskiya a tsakiyar zafin bana. An yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa a nan Jidda, garin da ya shigo yana ɗan yaro riƙe da bakin zanen mahaifiyarsa.

Mun jera kujeru a ƙofar gida kamar yadda ake yi a nan, ana zagawa da gahawa da dabino. Tun ban gama gaisawa da layin farko ba na fara jin maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wata maƙwabciyarmu ta rantse wa mata a cikin gida cewa motar kahraba, wato ta lantarki, ce ta ja shi, har hannunsa ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Wani tela da bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba ya ce batir ne ya fashe, wai ya ga irinsa a waya. Wani dattijo mutumin Nijar ya girgiza kai ya ce shi ko kyauta aka ba shi irin motar nan ba zai taɓa ƙofarta ba. Kafin sallar isha'i labarin ya yi ƙafa ya yi hannu, har akwai wanda ya ji ƙarar fashewar daga gidansa.

Ni na zuba ruwa lokacin da ake yi masa wanka. Babu ƙuna a jikin Baba Tsoho ko ta ƙwayar gero.

Mutum ɗaya ne bai sa baki ba, wato amininsa mai gyaran takalma a bakin masallaci. Ya zauna a kujerar ƙarshe, aka miƙa masa gahawa ya ɗaga hannu, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba. Zan zo kan labarinsu.

Ba na so a riƙa tuna kakana da cewa tsohon nan da mota ta kashe. Ina so a san yadda ya rayu da ita, da abin da ya sa ya haƙura da ita alhali yana tsoronta kamar mutuwarsa. Na san rabin jikokinsa sai an karanta musu wannan an fassara, don Hausarsu a kunne take, ba ta sauko baki ba. Duk da haka da ita zan rubuta, don da ita yake yi mana faɗa.

Baba Tsoho direba ne tun kafin a haifi mahaifina. Gida ɗaya ya yi wa aiki, gidan wani Balarabe ɗan kasuwa wanda shi ne kafilinsa, mai riƙe da takardunsa na zama a ƙasar. Da tsohon kafilin ya rasu, ɗansa ya gaji kasuwancin ya gaji Baba Tsoho. Wannan ɗa kuwa kakana ne ya riƙa kai shi makaranta yana share masa majina, shi ya sa har ya yi gemu bai daina ce masa "Ammi", wato baffana, ba.

Da kunne yake tuƙi. Kullum da safe sai ya buɗe gaban mota ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya duba, ya leƙa ruwan lagireto, ya ƙwanƙwasa tayoyi da ƙafa, sannan ya tayar da inji ya tsaya ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. Ya kan ce, "Mota ba ta ƙarya. Kafin ta kwanta sai ta yi nishi, kurma ne kawai take ba wa mamaki." Tsohuwar motar gidan irin manyan nan ce masu gurnani, kuma an yarje masa ya riƙa tahowa gida da ita. Tun daga bakin layi kakata ke gane ƙararta ta ɗora shayi. Sitti muke ce mata, kamar yadda 'yan Jidda ke kiran kaka mace. Idan ya shigo ya tarar da ni zaune kusa da ita sai ya ce, "Kai ɗan nema, ka zo ƙwace mini mata ina can ina neman na cefane?" Ni kuma in ce ai ta gaji da tsoho mai warin fetur.

Sitti ita ce dalilin komai, don haka bari in faɗi yadda zamanta yake. Iƙamarta, wato katin izinin zama, a rataye take da ta Baba Tsoho, tasa kuma a rataye da aikinsa. Ran da aka ce an sallame shi, su biyun sai fitar da ba dawowa. Ba a baki muka ji wannan ba, mun gani a gidanmu. Mahaifina haifaffen Jidda ne, amma da kafilinsa ya rufe shago takardunsa suka mutu, aka kama shi a hanyar kasuwa, aka tura shi ƙasar da bai taɓa takawa ba. A can ya rasu cikin mutanen da ke dariyar Hausarsa, ba mu ga gawarsa ba. Sitti kuwa a goye aka zo da ita. Sunan garinsu kawai ta sani, ko gabas da yammansa ba za ta iya nuna maka ba.

Ana nan sai zamani ya juya. Matar ɗan kafili ta koyi tuƙi, 'ya'yansa mata ma haka. Baba Tsoho ya san sarai ba don buƙata ake riƙe da shi ba, don kunyar marigayi ne. Ya taɓa ce mini, "Wanda ake riƙe da shi don kunya, kuskure ɗaya ake jira." A cikin wannan hali ne ɗan kafili ya sayar da tsohuwar motar ya kawo ta lantarki.

Ni wayarin nake yi a wata masana'anta a Madinar Masana'antu, don haka ni Baba Tsoho ya kira ranar. Na tarar da shi a ƙasan benen da iyalin ɗan kafili ke zaune a unguwar Safa, ya tsaya nesa da ita hannuwa a baya. Ɗan kafili na ta murna yana cewa, "Shuf, duba ya Ammi, ba fetur, ba baƙin mai, ba hayaƙi. Halas, shi ke nan, ka huta!" Baba Tsoho ya ce mabruk, wato barka, ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Da muka shiga na danna maɓalli allo ya kawo haske, sai ya ce, "To tayar da ita mana." Na ce ai ta tashi. Ya karkata kai ya saurara, ya daɗe yana saurare. Sannan ya dube ni, na ga abin da ban taɓa gani a idon kakana ba.

"Wannan a raye take ko a mace?"

Na yi dariya a lokacin. Shi bai yi ba.

Da ya buɗe gabanta don ya gaisa da inji sai ya tarar da akwati wayam. Ya leƙa, ya shafa, ya ce, "To ina cikinta?" Na nuna masa ƙasan kujeru na ce batir ne shimfiɗe tun daga gaba har baya. Ya ce, "Wato a kan wutar nake zaune." Daga baya a akwatin nan yake ajiye buta da dardumar salla, kuma har ya bar duniya bai fasa buɗe shi kowace safiya ba. Sabo turken wawa, in ji shi da kansa. Abin da ya rage masa na dubawa, ruwan goge gilashi da iskar taya, ya riƙe su kamar farilla. Ya lura tana cin taya fiye da tsohuwar saboda nauyi, ya kan ce ba ta shan mai amma tana cin takalmi.

Fitarmu ta farko kan titi, ya ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta rage gudu da kanta. Ya ƙanƙame sitiyari ya ce, "A'uzu billahi! Wa ya taka birki?" Na yi masa bayani cewa haka aka yi ta, idan ka saki totur tana riƙe kanta ta mayar da ƙarfin cikin batir. Ya ce, "Ka faɗi naka. Ni dai na ji an ja ta ta baya." Ya koya, don hannunsa na gwani ne, cikin ɗan lokaci ya fi ni iya lallaba ta. Amma iyawa daban, kwanciyar hankali daban.

Tsoron lantarki ba da motar ya fara ba. Wata shekara da aka yi ruwan nan da ke mayar da titunan Jidda kogi, yana tsaye a bakin wani shago ya ga wani mutum ya dafa turken fitilar titi don kada ruwa ya ja shi. Mutumin bai yi ihu ba, ya dai sandare a wurin. Kakana ne ya samo katako ya ture shi, amma rai ya riga ya yi halinsa. Tun daga ranar ko ƙwan fitila ya mutu a gida sai ya jira ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To ga shi an ɗora shi a kan macijin an ce ya kai yara makaranta.

Idan hadari ya haɗu, ko da ɗan gajimare ne daga wajen teku, sai ka ga Baba Tsoho ya kasa cin abinci. Na gaya masa an rufe batirin ruf, ruwan sama ba ya shiga, abin da ba a so kawai a kutsa da ita cikin ambaliya, wanda ko mai fetur ba a yi mata haka. Ya ce, "Wanda ya kafa turken fitilar nan ma haka ya ce." Wanke ta ma da tsumma mai ɗan danshi yake yi, yana sanye da takalmin roba. Na ce zan ja masa waya ya riƙa yi mata caji a ƙofar gida, ko da yake na san tsofaffin wayoyin gidanmu sai an sauya su tukuna. Ya ce, "Ba za a shayar da ita a jikin bangon da matata ke kwana ba." Can ƙarshen layi yake ajiye ta ya tako da ƙafa, Sitti ta daina sanin isowarsa sai ta ji gyaran muryarsa a zaure.

Shirunta ne ya fi ci masa rai. Tana da ɗan zuzu da take yi idan tana tafiya a hankali, amma a lungunanmu, inda a kowace taga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ruri yana fesar da zafi waje, wa zai ji? Yara na ƙwallo, tsofaffi na tafe a tsakiyar hanya, kyanwoyi na kwance a inuwar taya, duk da kunne suka saba kaucewa. Wata rana ya zo daf da bayan wata tsohuwa mai tallar gyaɗa, ba ta san da shi ba sai da ta juyo ta ga mota a ƙugunta, ta zubar da tiren ta zauna a ƙasa tana salati. Bai taɓa ta ba. Amma da ya dawo gida ko kofin shayinsa bai taɓa ba.

"Namiji ba ya faɗa wa mutane gida sai ya yi gyaran murya," in ji shi. "Wannan ba ta da tarbiyya. Ba ta sallama."

Oda kuma a wurinsa zagi ce, ba a yi wa babba. Sai ya ɗauki sallamar a kansa. Da ya shigo unguwa zai sauke gilashi, cikin zafin nan da ke narka mutum, ya riƙa tafiya yana cewa, "Salamu alaikum, hanya! Tarig, ya jama'a! Salamu alaikum!" Yara suka mayar da abin waƙa suna bin sa da ita. Na ce masa, "Angon Sitti, an sayo maka motar masu kuɗi ka mayar da ita kurar mai tallar ruwa." Ya ce gara a yi masa dariya da a yi masa shari'a.

Akwai abin da bai sani ba sai daga baya. Shekara da shekaru, idan ya sauke mutanen gidan yana dawowa, ba ya wuce mutanenmu a rana. Mata masu ƙullin kaya, tsofaffi masu zuwa asibiti, duk wanda ya ɗaga hannu sai ya tsaya, bai taɓa tambayar kowa takarda ba. Tsohon kafili ya sani ya kau da kai. Wata safiya ɗan kafili ya nuna masa fuskar wayarsa, cikin ladabi ba da faɗa ba, ya ce, "Ammi, jiya ka tsaya nan, da nan, da nan. Lafiya?" Ashe duk inda motar ta taka tana faɗa masa. Ya ƙara da cewa, "Ka san hukuncin wanda aka kama ya ɗauko marar iƙama. Ni tara za a ci ni. Kai fa? Hajiyarka fa?"

Ranar ya dawo ya zauna a kan tabarma bai cire hula ba. Ya ce, "Ga mutane ba ta buɗe baki, ga maigida ba ta rufe shi."

Ba a yi nisa ba aka jarraba shi. Amininsa mai gyaran takalma ya zo umara ne tun da ƙuruciya ya zauna, bai taɓa mallakar takarda ba. Tare suke cin abincin Juma'a tun ban san kaina ba. Rannan da azahar ya je sayo fata da ƙusoshi a wata unguwa mai nisa, yana tsaye a bakin titi da akwatinsa, ya hango Baba Tsoho ya ɗaga hannu da fara'arsa. Kakana ya gan shi. Suka haɗa ido. Ya wuce.

Da yamma aminin ya zo har zaure, bai zauna ba. Ina ciki ina jin su.

"Da ka ce mini ba ka gan ni ba, da na yarda don in huta."

"Na gan ka."

"To shi ke nan. Motar ta fi ni."

"Ba motar ba ce. Matata ce. Ka san inda ɗana ya mutu."

"Na sani. Ni na riƙe ka ranar da labarin ya zo. Yau kuma ni ne abin gudu."

Ya juya ya tafi. Juma'a ta zo ba a ga kwanonsa ba, ta sake zagayowa haka. Baba Tsoho bai aika kowa biko ba, bai kuma ba da haƙuri da baki ba, don ya san ko gobe aka sake haka zai yi. Abin da ya yi shi ne, kullum ya ajiye mota a ƙarshen layi sai ya taka zuwa bakin masallaci lokacin da aminin ke tattara kaya, ya sunkuya ya ɗauki akwatin ya ɗora a kafaɗa, ya bi shi har gida. Ba mai ce wa wani uffan. Tsofaffi biyu, ɗaya a gaba fuska a murtuke, ɗaya a baya da akwati yana haki. Mutanen unguwa suka yi ta kallo har suka saba. An daɗe ana haka kafin wata rana aminin ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka riƙe da kyau, kada ka zubar mini da ƙusoshi." Baba Tsoho ya shigo gida ranar yana dariya shi kaɗai, ya ci tuwo har da neman ƙari.

Ni kuwa rigimata da shi a kan caji ce. Benen ɗan kafili ba shi da wurin caji, sai an kai motar filin ajiye motoci na wani babban kanti a Safa. Kakana ya kan sa safar hannu ta roba, ya yi bisimilla, ya jona igiyar, sannan ya ja da baya da sauri kamar wanda ya kunna wa tukunyar gas ashana. Idan batir ya ɗau zafi fankokinta na tashi su yi ta huci, motar da ba ta magana a hanya sai ga ta tana ruri a tsaye. Wannan ruri ya tabbatar masa da duk abin da yake zargi. Don haka ba ya zama a cikinta, ko da yake mukayyif na aiki ana cajin. Ba ya kuma shiga kantin ya sha sanyi, don a cewarsa ba a barin amana inda ido ba ya kai. Can gefe yake samun dakalin siminti ya zauna, inda yake ganinta ita kuma ba za ta same shi ba. Rumfar wurin iyakarta kan motar.

Na ce masa ya riƙa zuwa da sassafe. Ya ce da safe ai yara ke makaranta. Na ce to ya tsaya a tamanin cikin ɗari, don daga nan cajin jan ƙafa yake yi, sauran ɗan abin da ya rage sai ya ci lokaci mai yawa, kuma cika ta fal kullum ba ya yi wa batir kyau. Nan ne ya fusata.

"Tun kafin a haifi ubanka ban taɓa mayar wa maigida mota tanki ba cike ba. Yau kai za ka koya mini in kai ta da yunwa? Ya duba wayarsa ya ga tamanin, ya ce tsohon nan ya fara gajiya?"

"Baba, shi ma ya sani. Shi da kansa ya ce ka zauna a ciki."

"Shi yana da ƙasa. In ta ƙone shi, a ƙasarsu ta ƙone shi."

Na ɗaga murya, ya ɗaga tasa. Sitti ta leƙo ta ce in za mu yi dambe mu fita waje kada mu fasa mata kofuna. Na ce da shi zafin Jidda ya fi batirin nan haɗari sau dubu. Ya ce rana ya san ta tun yana yaro, ba ta taɓa yi masa komai ba.

Ranar da abin ya faru iyalin ɗan kafili za su hau garin Ɗa'if da yamma, hanya ce mai hawan dutse, don haka a ranar kam ana buƙatar ta cika. Ya kai ta caji da tsakar rana, iska ta tsaya cak, ga danshin teku da ke hana gumi bushewa. Wani ma'aikacin kantin mai tattara kekunan sayayya ne ya ba ni labari. Ya ce ya gan shi a dakalin da carbi, ya ce masa ya shigo ciki, tsohon ya nuna motar ya girgiza kai. Ya kawo masa ruwa ya sha rabi. Da ya sake zagayowa ya gan shi ya jingina da turke, ya ɗauka gyangyaɗi ne.

Motar ce ta faɗa. Ta aika wa ɗan kafili cewa ta cika, ya jira bai ga ta motsa ba, ya kira wayar Baba Tsoho ba a ɗauka ba, ya sake kira har ma'aikacin ya ji ƙara a aljihunsa ya ɗauka. Likita ya ce zafi ne ya buge shi, zuciya kuma ta tsufa. Motar na tsaye lafiya lau, cikinta da sanyi, tsakaninsu bai fi jifa da dutse ba.

Ya farfaɗo a asibiti na ɗan lokaci, ni ne a kansa. Ya kama hannuna ya ce, "An cire mata igiyar?" Na ce an cire. Ya ce, "Ta cika?" Na ce ta cika fal. Ya lumshe ido, sannan ya buɗe da sauri.

"Kada ka ce wa maigida na faɗi. Ka ce barci ne." Sai ya girgiza kai. "A'a, kada ka ce barci, direba ba ya barci. Ka ce masa gobe zan fito."

Na ce to. Bayan nan bai ƙara wata magana ta duniya ba, sai kalmar shahada da na riƙa maimaitawa yana bi da leɓe. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar mahaifina, don wancan labari aka kawo mana, wannan kuwa a hannuna.

Ɗan kafili ya zo gaisuwa, kuma kukansa na gaskiya ne, ban ɗora masa laifin komai ba. Ya tsaya daga bakin labule ya gaida Sitti, ya ce in sha Allah zai duba maganar takardunta. Dukanmu mun san nauyin irin wannan in sha Allah. Na zaga wurin masu bin takardu, wannan ya ce akwai hanya, wancan ya ce babu, amma bakinsu ya haɗu a kan abu biyu: iƙamar da ke rataye da mamaci ba ta daɗewa a bayansa, kuma tawa ta ma'aikacin masana'anta ba ta ɗaukar kaka. Ummana ta rame. Ko almajirin gas ne, wato mai kawo mana tukunya, ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta zabura ta dafe ƙirji.

Sitti na cikin takaba, ba ta fita ko zaure. Ba ta tambaye ni abin da masu takardu suka ce ba, ta karanta a fuskata. Rannan bayan la'asar na shiga gaishe ta na tarar da ita a kan darduma, ta idar da salla. Na zauna a gefe ina jira. Na gwada tsokanarta na ce yanzu da tsohon ya ba mu wuri sai a sa rana. Ta yi ɗan murmushi don kada ta ba ni kunya.

Ta ce, "Ka ga kakanka da wayo. Ya yi ta fama don ni in zauna, ga shi shi ne ya zauna. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa ba a tambayarsa iƙama."

Sannan ta ɗaga hannu, ba ta rage murya ba. Ta roƙa masa gafara da rahama, na ce amin. Ta roƙa Allah ya sanyaya masa kabarinsa, ya yi masa inuwa ranar da babu inuwa sai tasa, na ce amin da dukan zuciyata, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya mu da ita. Sai ta ce, "Ya Allah, ka ɗauke ni kafin takabar nan ta ƙare, a sa ni a ƙasar da aka sa shi."

Ta shafa, ta juyo ta dube ni.

"Ban ji amin ɗinka ba."

Ta ci gaba da kallona tana jira, kuma har yau da nake rubuta wannan jira take yi.